Mai Keken Jamus

Jiya wani yaro ya turo tsoho a keken guragu ta gaban shagona a unguwar Ƙuba, nan birnin Manzon Allah, ƙafar keken tana ƙara don rashin mai. Ina cikin ciniki, amma sai da na bi su da ido har suka sha kwana. Haka keken kakana yake kuka.

Dabino kakana yake sayarwa. Da babban yatsa yake latsa ƙwaya ɗaya ya faɗa maka ko ta bana ce ko ta bara da aka shafa wa mai. Ina firamare ɓarin jikinsa ya shanye. Daga nan mahaifina da ƙaninsa suka fara lallashi: "Baba, ka huta, mu mun isa." Shi kuwa ya san wanda aka hutar daga kasuwa ba ya komawa. Kullum da safe sai an tura shi shago, ta cikin lungunan unguwarmu, Harra ta Gabas, masu baƙin dutse, ko da zafi ya kai inda kwalta ke kama takalmi.

Bayan la'asar yakan kamo sashen Hausa na rediyon Jamus. Mu jikoki Larabci muke mayar masa, don haka rediyon ce abokiyar hirarsa. A nan ya ji labarin wani ministan Jamus, ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, wanda aka harba ya koma keke, amma bai bar aiki ba. Kakana bai san me jam'iyyar ke so ba, bai kuma damu ba. "Mutumina" yake ce masa. In an ce ya huta, sai ya nuna rediyo da hannunsa mai lafiya.

"Mutumina ya huta?"

Kakata takan leƙo daga madafa. "Malam, ya aiko maka da gaisuwa ne? Ko ya san kana duniya?"

"Ke dai kawo shayi. Mu manya muna shawara."

Shekarar da jam'iyyar ta faɗi zaɓe aka ba mutumin nasa shugabancinta, kakana ya sa aka raba wa maƙwabta dabinon ajwa. Ya ce mini, "Abokina, ka gani? Da kai ake riƙe wuri, ba da ƙafa ba." Lokacin ya fi kowane lokaci ƙarfi a shago. Ko buhu ɗaya ba a saukewa sai ya latsa.

Ba a jima ba rikici ya tashi a jam'iyyar. Wata ranar sanyi muna zaune a tsakar gida, ƙanshin turaren wuta na fitowa daga ɗaki, aka ce mutumin ya sauka. Kakana ya saurara har ƙarshe, ya kashe rediyon da kansa. Washegari mahaifina ya zo ya kama keken, sai kakana ya ce, "Halas, shi ke nan. Ku je." Babu wanda ya yi masa musu, domin abin da suke so ke nan. Na ga ƙanin mahaifina ya sunkuyar da kai.

Bai sake ganin kasuwa ba. Kafin dabino ya sake nuna sau biyu muka kai shi makabartar Baƙi'a.

Bayan wasu shekaru, ina ɗaure kwali a shagon da na buɗe da kaina, na ji an sake ba mutumin nan minista, a kan kekensa, kuma ya daɗe yana yi. Na tsaya da igiya a hannu. Ni ɗan kasuwa ne, na san kaya kan faɗi ya tashi, shi ya sa ba na yanke masa farashi a ranar da ya fi faɗuwa. Kakana ya fi ni sanin haka a kan dabino, amma bai yi wa kansa wannan haƙurin ba.

Yau an rushe lungun namu, 'ya'yana ko Hausar ba sa ji sosai. Da na ba su labarin, babbar ta tambaye ni me ya haɗa kakana da Bajamushe. Ni kuwa na rasa wanda zan kai wa albishir ɗin dawowar mutumin nasa, har yanzu yana hannuna.