Farin Leshin da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Tebur

A lokacin da abin nan ya faru ina da ɗan shagon ɗinki a unguwar Briqueterie, keke biyu da tebur ɗaya, kuma ina ji da kaina a wajen ɗinkin biki. Sai dai ni matsoraciya ce ta gidan gaba. Ko makara aka wuce da ita ta ƙofar shago, ranar ba na iya zura zare a allura.

Cikin masu kawo mini ɗinki akwai wata tsohuwa Kirista daga unguwar Nkomkana, wadda ta yi shekaru tana sarin atamfa a unguwarmu har Hausa ta zauna a bakinta. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yata. Wata ranar Talata da hantsi ta sauko daga tasi da farin leshi mai tsada, ta ce in ɗinka mata doguwar riga. Na tsokane ta ko sabon ango ta samu. Ta yi dariya ta ce kusan haka ne, rigar da za a binne ta da ita ce. Kafin in rufe baki ta kwanta a kan tabarmar da nake sallah, ta naɗe hannu a ƙirji, ta ce in auna ta a haka, don hannun riga ya zauna daidai, kuma in bar bayan a buɗe saboda masu sa mata kada su sha wahala. Wallahi tef ɗin awo sau biyu yana suɓuce mini. Mu dai abin da na sani, likkafani sai rai ya fita ake yanka shi. Gani nake da na sa almakashi a leshin nan, ni na kira mata mutuwa.

Mama ta lura na tsorata. Ta tashi zaune ta ce mini ita a wajensu mutuwa komawa gida ce. Ta ce Yesu ya riga ya tafi ya shirya musu wuri a gidan Ubansa, inda babu kuka, babu ciwon gwiwar da ya addabe ta, kuma ranar tashi za a ba ta sabon jiki. Ta ce ta san leshina a ƙasa zai ruɓe, farar rigar gaskiya can ake bayarwa. So take kawai ta ga wannan da idonta, ta shafa ta, kuma 'ya'yanta su gane cewa da shirinta ta tafi, ba fizge ta aka yi ba. Na ce mata to, nan da mako biyu.

Tana fita na cusa leshin a ƙarƙashin tebur, na danne shi da ƙyallaye. Ta dawo, na ce an ɗauke wuta. Ta sake dawowa, na ce ɗinkin sallah ya yi mini yawa. Karo na uku da na hango ta tana ɗingishi a bakin titi, sai na tsallaka shagon maƙwabciyata na laɓe har ta gaji ta tafi. Duk lokacin da ƙafata ta taɓa leshin nan sai in janye ta da sauri. A raina kuwa har yabon kaina nake, wai ina ja mata kwana.

Bayan wata huɗu 'yarta ta zo shagon sanye da baƙaƙen kaya. Ta ce Mama ta rasu a asibiti, kuma har kwana biyu kafin cikawarta tana tambaya ko an gama rigar. Ta ce saƙo ɗaya ta bar mini, wai in daina jin tsoro, almakashi ba ya yanke kwanan kowa. Ashe duk ƙaryata ta gane, ba ta dai so ta kunyata ni ba.

Da yake su Kiristocin nan sukan ajiye gawa har dangi su taru, sai ga shi ina da mako uku cur. Rigar da na kasa yi a wata huɗu, a kwana biyu na gama ta, ina ɗinki hawaye na ɗiga a kan keke. Ranar ɗaukar gawa 'yarta ta roƙe ni in bi ta ɗakin ajiye gawa, tunda ni na san yadda igiyoyin baya suke. Sanyin wurin da warin magani suka sa na ce yau kam tare za a fito da mu. Amma na daure. Ciwo ya rame ta, rigar ta yi mata yawa a kafaɗa, sai da na kama da allura a tsaye. Hannun rigar kuwa ya zauna daidai a ƙirjinta, yadda ta nuna mini a kan tabarma. A waje matan cocinsu suna ta waƙa, suna cewa ta isa gida.

Ni Musulma ce, ina nan a kan addinina, kuma sanin makomar kowa sai Allah. Amma tsohuwar nan ta nuna mini cewa tsorona bai ƙara mata ko yini ɗaya ba, abin da ya yi kawai shi ne hana ta ganin rigarta. Don haka nake jan kunnen 'yan'uwana masu sana'a da ma kowa: in mutum ya ba ka amanar da ta shafi tafiyarsa ta ƙarshe, ko al'adarsa ta saɓa da taka, ka yi masa da wuri, in kuwa ba za ka iya ba ka faɗa masa gaskiya ya nemi wani tun yana da ƙafa. Sauran ƙyallen leshin yana nan a shagona. Sau uku Mama ta biya kuɗin tasi don ta shafa shi, ni ce nake shafawa yanzu.