Ɗantsoho, Maginin Hillat Gawo

Idan aka idar da sallar asuba a Hillat Gawo, kowa yakan koma gida ya jira shayi, ban da Ɗantsoho. Shi yakan ɗauki sandarsa ya bi bayan gidaje, daga na kusa da masallaci har na bakin kwari, yana ƙwanƙwasa bango yana kasa kunne. Inda ya ji sautin ya canza sai ya tsaya, ya sa yatsa cikin tsaga ya ga zurfinta. Ba ya sallama, don bai zo wajen kowa ba. Mata sun saba da ƙarar sandar nan har ba sa ɗago kai daga murhu. Sai hantsi ya yi, ya sha shayinsa mai madara, sannan ya je ya sami mai gidan ya ce, "Bangonka na gabas ya buɗe. Ka toshe shi kafin damina, in ba ka da hannu ka faɗa mini."

Fiye da shekara arba'in yana wannan zagaye, kuma ba wanda ya ɗora masa. Bana gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara ja da baya, ya ajiye cokalin gini. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana iya ji da kunnensa.

Hillat Gawo ƙauye ne can bayan Basunda, ta wajen iyakar Habasha. Kakannin mutanensa masu niyyar Hajji ne daga yamma, suka tsaya noman dawa da riɗi don neman guzuri, zama ya yi daɗi, suka haihu suka tsufa a nan. Daga watan bakwai zuwa na goma hanya takan rufe, sai tarakta kaɗai ke iya ratsa lakar. Ƙasar kuwa baƙa ce, mai albarka ga manomi, mai wahalar da magini. Da rani ta tsage har ƙafar jaki ta shige, da damina ta kumbura ta ɗaga duk abin da aka ɗora mata. Saboda haka mutane suka tsaya ga gutiyya, zagayayyen ɗakin nan na itace da ciyawa. Gutiyya tana da sanyi, ba ta damuwa da motsin ƙasa, amma tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Ga kuma ƙaramin ƙudan nan mai kawo ciwon kalazar, wanda ke ɓuya a tsagar ƙasa da ta bango. Babu gida a ƙauyen da bai san ciwon ba.

Wata shekara da rani gobara ta tashi da azahar, iska na kaɗawa, ta cinye kusan rabin ƙauyen kafin a ɗebo ruwa daga kwari. Bayanta ne hukuma ta tuna da su. Aka ce an ware kuɗi don gyara gidajen ƙauyukan nesa: hukuma za ta kawo siminti da rodi da kwanon rufi, mutanen gari su ba da ƙarfinsu. Aka turo injiniya daga Gadarif, wata matashiya mai suna Safaa, 'yar asalin Madani. Ta shimfiɗa takardar zane a gindin gawon da ƙauyen ya ci sunansa, ta nuna musu layuka a miƙe, gida kusa da gida. Sannan ta faɗi inda za a gina su: bakin babbar hanya, tafiyar awa uku a ƙafa daga inda suke.

Shehun ƙauye, Abdulganiyyu, ya ce, "Madalla, mun gode wa hukuma." Duk wanda ya san mutanen nan ya san ma'anar wannan godiya: ba wanda zai ɗaga ko tabarma. Mutane ne da aka sha kiran su baƙi a ƙasar da aka binne kakanninsu, kuma yawancinsu ba su da takardar gona. A ganinsu, duk wanda ya tashi daga kusa da gonarsa ya yi bankwana da ita ke nan. Da an watse a haka, da motar hukuma ta wuce wani ƙauyen da kayanta, Safaa ta rubuta cewa mutanen sun ƙi.

Ɗantsoho ne ya hana a watse a haka. Ya matso ya tsuguna gaban takardar, ya ce da Larabci, "'Yata, zanenki ya yi kyau. Amma babu wanda zai bi ki, kuma kunya ta hana su faɗa miki."

Safaa ta kira shi baffa da Larabci, ta ce, "Don me, Ammi? Can akwai hanya, mota tana zuwa ko da damina. Mara lafiya zai kai asibiti."

"Gaskiyarki. To gonar fa? Maƙabartar fa? Ki gina mana a inda muke. Mu za mu ɗauko dutse daga tsauni, mu kwaso yashi daga kwari, ba za mu nemi ladan komai ba."

"Ba ni na yanke ba. Manyana ne a ofis."

"To ki kai ni wajen manyan."

Ta kai shi. Kwana uku ya yi yana zuwa ofishin nan na Gadarif da jallabiyarsa ɗaya, yana zama a benci daga safe har a tashi. Ba ya faɗa, ba ya roƙo, duk wanda ya fito sai ya miƙe ya gaishe shi ya koma ya zauna. A rana ta uku babban jami'in ya ce a shigo da dattijon nan. Safaa ta ce magana kaɗan ya yi. Ya ce gidan da aka gina wa mutum a inda ba ya so, awaki ne za su kwana a ciki, shi kuwa ya zo ne don kada kayan hukuma su tafi a banza. Sannan ita ta ɗora da nata bayanin. Aka amince a gwada gida talatin a cikin ƙauyen.

Kai ne ka yi wannan zaman benci, Ɗantsoho, kai da ba ka taɓa kwana biyu a birni ba tare da ƙorafi ba. Kai ne ka faɗa wa hukuma abin da mutanenka suka ji nauyin faɗa, ka kuma dawo ka faɗa wa mutanenka cewa hukuma ta saurara, saura su cika alkawarin dutse da yashi.

Gida na farko na Atika ne, wata gwauruwa da wutar ta bari da 'ya'ya huɗu da tukunya ɗaya. A nan ne aka sami saɓani tsakanin magini da injiniya. Ɗantsoho ya ce a haƙa tushe mai zurfi, a zuba yashi a ƙasa, a jera dutse a kai, don yashi ba ya kumbura. Safaa ta yarda da wannan, don ta ga yadda ƙasar ta yayyaga wani tsohon ajin makaranta da aka gina da siminti zalla. Amma ta ce dole a ɗaura wa ginin ɗamarar rodi da kankare, ɗaya a ƙasa ɗaya a saman taga. Shi kuma ya ce ɓarnar rodi ce kawai, tushensa ya isa. Da ta koma Gadarif karɓo sauran kaya, ya gina ɗakin yadda ya ga dama, ya ajiye rodin a gefe wai a yi ƙofofi da shi.

Damina ta zo ta wuce. Da ƙasa ta fara bushewa, bangon Atika ya tsage daga kusurwar taga har ƙasa.

Atika ta ce mini ita ba ta ma lura ba, don tsagar tana bayan ɗaki. Shi ya gani. Ya tsaya a wurin ya daɗe, sannan ya zagayo ya yi sallama, abin da bai saba ba.

"Atika, ki kwashe kayanki ki koma gidana wajen iyalina na 'yan kwanaki. Zan rushe bangon nan."

"Haba Baba, a shafe ta da laka mana. Wa zai sani?"

"Ni na sani. Kuma ƙudan kalazar zai sani kafin kowa."

Ya hau tudun da waya ke kamawa, ya kira Safaa da kansa. Da ta iso bayan kwana biyu, ya kai ta gaban tsagar a idon jama'a, ya kira ta babbar injiniya da Larabci, ya ce, "Bashmuhandisa, ke kika yi gaskiya, ni na yi taurin kai. Ki nuna mini yadda ake ɗaura rodin nan." Dattijo mai furfura, wanda ya gina rabin ƙauyen da hannunsa, ya tsuguna kusa da yarinyar da ya yi jika da ita yana koyon murɗa waya. Safaa ta ce a duk ƙauyukan da ta yi aiki, an sha ɓoye mata tsaga da farar ƙasa, amma ba a taɓa kiran ta a nuna mata ba.

Daga nan aikin ya miƙe. Tushe nasa ne, ɗamara tata ce. Ya sa aka ware madafi nesa da ɗakin kwana, ita ta kawo ragar taga. Mata suka ce su ba za su rabu da gutiyya ba saboda zafin kwano, aka bar wa kowane gida gutiyyarsa ta shan iska a tsakar gida. Ranar Litinin da Alhamis ake gayya, wadda mutanen nan ke kira nafir: maza a tsauni da amalanken jaki, mata da jarkokin ruwa, a ci asida, tuwonsu na dawa, da miyar kuɓewa a inuwar bangon da aka tayar. Wanda bai fito ba Ɗantsoho ba ya yi masa faɗa. Yakan je gidansa da yamma ya tambaye shi jiki, har mutumin ya gwammace ya fito.

An rufe gida goma sha tara sai yaƙi ya ɓarke a Khartoum. Ofisoshi suka rikice, kuɗin aikin ya tsaya, motar kaya ba ta sake zuwa ba. Gida goma sha ɗaya na tsaye ba rufi, ga gajimare ya fara haɗuwa ta wajen Habasha. Wasu suka ce dama sun faɗa, hukuma ba ta gama abin da ta fara. Masu gidajen suka fara maganar cire ƙofofi su koma tsofaffin bukkokinsu. Ɗantsoho ya san idan ruwa ya zauna cikin bango damina guda, aikin wata shida ya lalace.

Ya tara mutane bayan sallar Juma'a, ya ce, "Hukuma ta kawo nata har inda ƙarfinta ya kai. Yanzu gidanta ke ci da wuta. Kakanninmu da me suka yi rufi?"

Wani ya ce, "Ciyawa a kan bulo? Za a yi mana dariya."

"A yi dariyar muna bushe a ciki."

Suka sari itace, suka yanko doguwar ciyawa daga bakin kwari. Shi da kansa ya hau kowane rufi, da gwiwar nan tasa da tun lokacin ta fara ciwo, yana ɗaure tanka yana nuna inda za a ƙara kauri. Rufi na ƙarshe an gama shi da la'asar, washegari ruwan farko ya sauka. Ba ɗakin da ya zuba. Da 'yan gudun hijira suka cika Gadarif har makarantu suka kasa ɗaukar su, wasu iyalai sun gangaro har Hillat Gawo, aka raba su a waɗannan gidaje. Cikinsu har da mahaifiyar Safaa da ƙannenta biyu, waɗanda suka baro Madani da kayan jikinsu. Atika ce ta ba su ɗaki.

Kai ne ba ka zagi hukuma ba ranar da ta gaza, ba ka kuma zauna jiran ta ba. Maginin da ya rushe bangon kansa, sannu da aiki. Babu allo mai sunanka a bakin ƙauye, ba a taɓa kiran ka taro a birni ba. Amma akwai yara a Hillat Gawo da suka tashi ba su san a tashe su da ihun gobara ba, kuma mai ba da magani a Basunda ya ce masu zuwa da kalazar daga ƙauyen sun ragu.

Ga jami'an da ke zana gidajen mutane daga ofis, ku je ku zauna a gindin bishiya ku ji me ke bayan godiyar da ake yi muku. A kowane ƙauye akwai wanda ya san ƙasarsa, ku neme shi. Ga mu mutanen ƙauyuka kuma, mu daina cewa madalla alhali zuciyarmu ta ce a'a, mu fito da dutsenmu da yashinmu idan an zo mana da siminti.

Da na je na same shi a makon jiya, yana zaune a angarib, gadon igiyar nan, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Na ce masa zan rubuta labarinsa mutane su karanta. Ya yi dariya, ya ce me za su ƙaru da shi a labarin tsohon magini. Sai ya gyara zama.

"Waɗannan masu karantawar, akwai mutanen ofis a cikinsu?"

"Ba mamaki akwai, Baba."

"To ka bar yabon. Ka rubuta musu cewa saura kwanon gida goma sha ɗaya. Ciyawa shekara huɗu take yi. Ka ce mun riƙe namu alkawarin, kuma in sun zo za su same mu a inda suka bar mu."

Yabon ban bari ba, Baba, ka yafe mini. Amma saƙonka ga shi na isar yadda ka faɗa. Mun gode. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya kuma nuna maka ranar da motar kwanon za ta tsaya a Hillat Gawo.