Mai Tattabaru a Shagon Gyaran Waya

Wani dattijo da na tarar a shagon gyaran waya ya ƙi zama, ga kuma benci babu kowa a kai sai ni. Dogo ne siriri, da ɗan farin gashin tsuntsu maƙale a kafaɗar rigarsa. Idonsa na kan wayarsa da mai gyara ya kwance, sai ka ce mai jinya a ƙofar ɗakin tiyata.

"Baba, ta sha ruwa sosai," in ji mai gyara. "Wataƙila sai an goge komai."

"A kwanon ruwan tattabaru ta faɗa," ya ce, yana murza yatsu. "Hotuna su tafi, ɗana. Shafin nake ji."

Ashe shafi gare shi a intanet kan kiwon tattabaru. Duk wanda ya yi sharhi, sai ya ambaci sunansa ya yi masa godiya kafin ya karya kumallo. Yanzu kwana biyu shiru, kalmar sirrin shiga shafin kuma tana cikin wayar, ba ta kansa.

"Da na kwanta asibiti, su suka riƙa tambayar lafiyata," ya ce. "Ko fuskata ba su sani ba."

Ina hasashen gidansa: 'ya'ya sun watse, tsakar gida tsit, sai kukan tattabaru.

Wayar ta kawo haske, ta sake ɗaukewa. Dattijon ya dafa teburin da hannu biyu.

"Ɗana, ka lallaɓa ta," ya ce a hankali. "Kada su ce na warke na manta alheri."