Yajin Da Aka Ce Na Hapsatu Ne

"Sunana kika sayar, Maman Eva! Ba yaji ba, sunana!"

Muryar Adda Hapsatu ce ta ƙetaro katangar da ta raba ɗakina da tsakar gidan Dibora, da hantsi, ina shan shayi. Sai ga ta Dibora, a kwance kamar mai tayin tumatir: "Adda, zauna mana. Wa ya sayar? Aro na yi."

"Aro? Kin tambaye ni? Masu tsiren kasuwar shanu sun daina aiko mini, wai yajina ba abin da ke ciki sai gari da gishiri. Yajin da hannuna bai taɓa dakawa ba! Ko ki gaya musu gaskiya, ko mu haɗu gaban mai unguwa."

Na ajiye kofin. Ina cikin gurup ɗin da ake magana a kai, don haka na san inda aka dosa.

Dibora daga duwatsun Michika ta sauko Mubi tana amarya. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Eva, da turmi, a gidan haya a Lamorde. Ta yi ƙosai, ta yi zoɓo, daga baya ta tsaya kan yajin tsire. Amma yaji a unguwar nan na Hapsatu ne tun muna yara. Mai tsire bai cika tambayar na waye ne ba, sai dai ya ce a karɓo masa wurin Adda.

Da Dibora ta samu babbar waya, sai ta buɗe gurup a WhatsApp, ta zuba masu tsire, da 'yan poli, wato ɗaliban kwalejin fasaha, da matan cocinsu, da mu maƙwabta. Duk sati masu keke su rarraba mana ɗan ƙulli a leda, kyauta. Abin da take nema kawai, kowa ya ɗanɗana ya turo murya, ya faɗi abin da ya rage.

Ba wanda ya faɗa. Mutumin garin nan ba ya kushe abin da aka ba shi kyauta, balle kayan matar da ke riƙon marainiya. "Ya yi, Madam, Allah sa albarka." Kowa haka. Da yamma kuma su aika wurin Hapsatu.

Sai wani sati ƙullin ya zo da sabon bayani. "Wannan ba nawa ba ne," in ji Dibora a gurup. "Na Adda Hapsatu ne na saya, mu ji me ake so a ciki."

Ranar bakuna suka buɗe. Gabdo mai tsire ya ce ƙuli-ƙulin ya yi yawa, yana ƙonewa a wuta tun nama bai gasu ba. Wata mata daga Duvu ta ce wadda ta daka wannan ba ta soya kimba ba, shi ya sa yake ɗaci a maƙogwaro. Wani ɗan poli ya ce shi ina ruwansa da yajin da ake aunawa a gwangwani, a yi na cin taliya ɗaya mana. Har wani ya ce ai Adda ta tsufa, hancinta ya daina aiki. Aka yi ta dariya.

Haka aka yi ta yi har damina ta fita. Duk ƙullin gwaji sai a ce na Hapsatu ne. Duk wanda aka gyara ya yi daɗi, wannan na Dibora ne, ga lambar waya.

Abin da ya tsaya mini ke nan. In bakin mutane kawai take so ya buɗe, me ya hana ta ƙirƙiro wata mata a Maiha ko a Hong, wadda babu ita a duniya? Me ya sa sai mace ɗayan da ke tsakaninta da kasuwar shanu? Kuma duk gurup ɗin, ta yaya aka manta da lambar Hapsatu, wadda gidanta ke kallon namu?

Da yammar ranar rigimar, Dibora ta turo murya mai tsawo. Ta ce duk yajin nata ne, Adda ba ta san komai ba, a yafe mata. Har da shessheƙa a ƙarshe. Na saurara sau biyu ina neman inda kukan ya fara, ban gane ko na gaske ba ne. Mutane suka turo Allah sarki. Gabdo ya ce shi dama ya yi mamaki. Washegari kuma na ga mai keke ya ɗauki buhun Gabdo a ƙofar Dibora, ba a ƙofar Hapsatu ba. Gaskiyar ta fito, amma sai da yajin ya gama gyaruwa.

Bayan 'yan kwanaki na same ta a bakin ƙofa tana tankaɗe citta.

"Maman Eva, tsakaninki da Allah, me ya sa Adda?"

Ba ta ɗago ba. "Ƙanena, in ka ce na wata ne da ba su sani ba, ba za su ɓata data a kai ba. Wanda suka sani suke jin daɗin zagi."

"Shi ke nan dalilin?"

"Ka sha shayi?"

"Masu sayen yajin Adda ba su koma mata ba fa."

"Na ce su koma. Zan ɗaure su ne?" Ta karkaɗe rariya ta miƙe, ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ta juyo tana dubana sama da ƙasa. "Ina gwada na kifi yanzu, kowa kuma sai ce mini yake ya yi, ya yi. Goggonka ɗin nan mai zuwa daga Duvu, mutane sun san ta sosai, ko? Yaya ma sunanta?"