Idon Hagu na Maɓalli

A duk layin, Sai-Gobe ake kiransa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara ashirin yana kan keken ɗinki a ɗan shagonsa da ke ƙarƙashin matakalar bene, ba a taɓa jin ranar da mai kaya ya zo ya tarar an gama ba. Zai ɗago kai, almakashi a hannu, ya yi murmushin nan nasa mai kashe jiki ya ce, “Haba ranka ya daɗe, hannu ɗaya ya rage, sai gobe.” Mutum ya zo da faɗa ya koma yana dariya. Ba mugu ba ne. Ciwonsa ɗaya, ba ya iya ganin ran mutum ya ɓaci a gabansa.

Matarsa shara da goge-goge take yi a wani ofis, tana fita tun gari bai gama wayewa ba, saboda haka shirin makarantar yara biyu a wuyansa yake. Shi ke wanka, shi ke guga, shi ke neman safar da ta ɓata a ƙarƙashin gado, shi ke cika gorar ruwa. Gashin 'yar ne kawai ya gagare shi, kullum a karkace yake tufke shi. Amma kayan makarantarsu kam ba irinsu a ajin, don su kaɗai ne ɗinkin da bai taɓa ɗagawa zuwa gobe ba.

'Yar ita ce babba. Maɓalli yake ce mata, saboda 'yar mitsitsiya aka haife ta. Tana da shekara shida idonsa ya fara ja da baya, sai ya zama ita ke zura masa zare a allura idan ta taso daga makaranta. Ta karkata kai, ta runtse idon hagu, tashi ɗaya zare ya shige. Shi kuwa baki har kunne, yana nuna wa masu kaya.

“Kun ga yadda take kashe ido ɗaya? Ba wanda ya koya mata. Jinin tela ke nan.”

Malamar ajinsu ce ta lura cewa haka yarinyar ke kallon allo ma, ta aiko da takarda a kai ta a duba. Takardar ta yi sati uku a aljihunsa kafin ya kai ta asibitin ido. Likitar, wata mata mai magana a hankali, ta rufe wa Maɓalli idon dama da kwali ta nuna mata harafi mai girman tafin hannu. Yarinya ta ƙura ido, ta ce hayaƙi take gani.

“Idon hagun bai mutu ba,” in ji likita. “Lalaci ya koya, don na dama ke yi masa aiki. Za a riƙa rufe na dama awa shida kullum, dole ta sa na hagu ya tashi. Shekarunta bakwai, lokaci bai ƙure ba amma ya kusa. Za ta yi kuka, ka bar ta ta yi. Ku dawo bayan wata uku.”

A ranar ya ture kayan mutane gefe ya zauna ya ɗinka abin rufe ido guda goma sha biyu da ragowar yadin kayan makarantarta. Ya sa musu auduga mai laushi ta ciki, ya sa roba, ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Uwar ta dawo ta gani ta ce ko a kanti ba za a samu irinsu ba.

Ranar farko Maɓalli ta dawo da gwiwa a ɗaye. Ba ta ga allo ba, ba ta ga dakalin ƙofar aji ba, yara kuma sun bi ta suna kiranta makauniya. Rana ta biyu ko abincinta ba ta taɓa ba. Rana ta uku, a bakin ƙofar makaranta, ta riƙe masa wando da hannu biyu, hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin ƙyallen.

“Baba, don Allah yau kaɗai.”

Ya tsaya yana kallonta, zuciyarsa ta karye. Ya tsuguna ya cire, ya sa a aljihu.

“To, da yamma sai mu ɗaura. Kar ki faɗa wa Mamanki.”

Da yamma kuwa ga aiki jibge, ga allura tana jiran zare. Sai ya ce ta zura masa wannan kawai sannan a ɗaura. Daga wannan sai wancan, har uwar ta shigo tana jan ƙafa ta tambaya, “Ta ɗaura yau?” Ya ce ta ɗaura. A ganinsa ba ƙarya ya yi ba, tunda ana ɗaurawa daga gida zuwa ƙofar makaranta. Komawa asibiti kuma ya ji kunyar likita, ya ce sai an ɗan kwana biyu ana ɗaurawa sosai tukuna. Kullum da niyyar farawa yake tashi, Allah ya sani. Haka aka ci kusan shekara uku.

Ciwon ido ne da ya zaga ajinsu ya tona asiri. Idon Maɓalli na dama ya kumbura ya liƙe kwana uku. Uwar tana zaune ta ga 'yarta na lalube tana neman ƙofar ɗakin da aka haife ta a ciki, ta ga ta zuba ruwa a gefen kofi. Washegari ba ta je aiki ba, su uku suka tafi asibiti.

Likita ta rufe idon dama da kwali, ta nuna harafin nan dai. Hayaƙi. Ta cire tabarau ta dubi Sai-Gobe.

“Ana rufewa kuwa?”

Kafin ya buɗe baki Maɓalli ta yi caraf ta ce, “Kullum ina ɗaurawa. Baba ne ma yake ɗaura min.”

Da ta tona shi da ya fi masa sauƙi. Likita ba ta ja maganar ba. Ta ce ba za ta yi musu ƙarya ba, a ci gaba da rufewa ko Allah zai sa a dace, amma kada su sa rai. Su dai kula da na dama, don shi ke nan abin da take da shi.

Suna isa shago uwar ta jawo durowar keke. Ga ƙyallayen nan goma sha biyu, ɗaya ya yi dauɗa, sha ɗaya da karin gugarsu. Ta daɗe tana juya su a hannu.

“Baban Maɓalli, da ni ka bar wa, da ta tsane ni wata uku ta warke,” ta ce. Ko muryarta ba ta ɗaga ba, kuma ba ta sake tayar da maganar ba.

Litinin Maɓalli da kanta ta ɗaura sabo, ta wuce ƙofar makaranta ba ta waiwayo ba. Da ta taso ta shigo shago yana nan a fuskarta. Ta tarar da babanta yana fama da allura. Ta karɓa kamar kullum, ta karkata kai, ta tura zare. Ya wuce can gefe, ko kusa da allurar bai je ba. Ta lashi bakin zaren ta sake. Ta kuma sakewa.

“Baba, in cire in zura maka?”

“A'a, bar shi,” ya ce.

Karon farko ke nan da ya iya hana ta wani abu, kuma ya san ya makara. Ya zauna ƙafarsa a kan keke bai taka ba, yana kallonta tana ta tura zare a iska.