Giyar Hutun Inuwa Makanike

Duk Haɗeja babu wanda bai san Inuwa Makanike ba, amma wanda ya fi kowa shan wahalarsa shi ne ƙanensa Gambo, masunci. Inuwa manyan motoci yake gyarawa a bakin tasha, kuma hannunsa na da kyau. Ciwonsa guda ne: wata 'yar jar mota mai kujera biyu, ba rufi, wadda wani Baturen aikin noman rani ya bar masa da zai koma gida bayan samun 'yanci. Cikinta kamar ya taɓa ƙasa. Wai wannan ma mota ce? Ko buhun shinkafa ɗaya ba ta ɗauka.

Tare da motar aka ba shi wani akwatin giyar mota sabo fil, wanda ba a ɗaura mata ba. Inuwa ya raɗa masa suna giyar hutu. Wai in mota ta miƙe da gudu sosai, sai ka taɓa wani ɗan maɓalli, injin ya sauke murya ya huta, gudun kuma ya ƙaru. Wannan saukar muryar kaɗai yake son ji da kunnensa kafin ya bar duniya. To kunnen ne ke tafiya. Dukan ƙarfen gareji na cinye shi sannu a hankali, har ya kai sai an ɗaga murya yake juyowa.

Haɗa giyar ma shekaru ta ci. Ta fi tsohuwar tsawo, aka kai sandar da ke juya tayoyin baya wurin maƙeri ya rage ta, bawan Allah ya datse ta kamar ƙotar fartanya, sai da aka yi ta cigiyar wata a Kano. Duk ranar da za a ɗaga giyar ko a sauke ta, Gambo ake aika wa. Ya bar tarunsa a kogi, ya zo ya kwanta ƙarƙashin mota, baƙin mai na ɗiga masa a gemu.

"Yaya, don girman Allah ka sayar da jarabar nan."

"Me ka ce?"

"Na ce ka sayar!"

"Ɗaga ta hagu kaɗan."

Gambo bai taɓa gane ko kurunta ce ko rainin wayo ba. Amma wa wa ne, sai ya haɗiye takaicinsa ya ɗaga.

Da aka gama haɗawa, sai ina za a yi gudun? Hanyoyin gari daga yashi sai rami. Inuwa ya ce fadama, in ruwan kogi ya janye ya bar ta sumul. Kai, wannan shawara ta ja wa Gambo azaba! In sun yi sammako, laka ta riƙe mota, Gambo ya shiga turi har gwiwa. In sun jira ta bushe, shanun makiyaya sun riga su, kofato ya bar ramuka sun sandare, mota ta yi ta tsalle har haƙoran mutum su haɗu. Kowace kaka haka, masunta na kan gorunansu na su suna dariya: "Gambo, yau ma jan kifin ka kamo?"

Da arzikin man fetur ya zo, aka malala kwalta a bayan gari. Lokacin furfura ta cika kawunansu. Da hantsi Inuwa ya ja motar, Gambo na gefe yana ƙunƙuni, ya danne hularsa da hannu. Gonakin alkama suka shiga wucewa, injin na kururuwa. Inuwa ya taɓa maɓallin.

Nan take muryar ta sauka, ta koma wani gunji mai taushi, motar ta miƙe ba ko girgiza. Tsikar jikin Gambo ta tashi. Ashe da gaske ne!

Inuwa kuwa ya karkata kai, ya kashe, ya kunna, ya sake kashewa. Ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Ba ta shiga ba. Gobe ka zo mu sauke ta."

"Ta shiga, Yaya! Wallahi ta shiga!"

Inuwa ya daɗe yana kallon bakinsa, sannan ya ce a hankali, "To yaya take yi?"

Nan Gambo ya gane kunnen wan nasa ne bai ji ba. Sai ya matso, dattijo da jikoki, ya manna bakinsa a kunnen wansa, ya yi masa kururuwar injin da dukan ƙarfinsa, sannan ya sauke ta zuwa gunjin nan. Inuwa ya lumshe ido, hannuwansa na kan sitiyari.

"Ban ji ƙarshen ba," ya ce. "Sake."