Ƙaramar Giyar Malam a Hanyar Dutsen Ɗuri

Mun bar gida a Madinat Nasr, unguwarmu a nan ƙasar Misirawa, tun ba a kira assalatu ba, ranar wata Talata, ban daɗe da fita takaba ba. Yaya Habi, ke da mutanen gida kun ishe ni a waya sai na ba ku labarin tafiyar nan, to ga shi. Ni nake faɗa, Rukayya matar Auta ke rubutawa. In kun ga kuskure, nata ne.

Mu uku ne. Auta a sitiyari, ni a gefensa, Rukayya a baya cikin kuloli da barguna kamar mai gudun hijira.

Sai na fara da motar, don saboda ita aka yi tafiyar. Malam, Allah ya jiƙansa, ya saye ta a hannun wani Bature a Ma'adi. Doguwa ce, sai an tallafe ni nake shiga. A gefen giyarta akwai wata ƙaramar giya, gajeruwa kamar muciyar wasan yara. Ranar da ya kawo ta ya ce da ni, "Kin ga wannan? Motar da tayoyin baya biyu take tafiya. In aka ja wannan, duka huɗun su ja. Ranar da zan kai ki Dutsen Ɗuri, inda Allah ya yi magana da Annabi Musa, cikin dusar ƙanƙara, ita za ta hau da mu."

Shekara goma sha ɗaya motar nan ba ta san ko'ina ba sai kasuwar Ataba, tana jidar dilolin jallabiya da hijabi da ake aikawa Kano. Ƙaramar giyar kuwa ko sau ɗaya bai ja ta ba. Duk Juma'a sai ya goge ta da tsumma. Mutumin da zan yi sabon lalle in wuni ina miƙa masa ruwa da hannu biyu bai lura ba, shi ne ke hango ƙura a kan giya. Duk sanyi in na tuna masa sai ya ce baɗi. Baɗin ta zo ta same shi a maƙabarta. Har yanzu in na ji motar ta tashi a ƙasan bene sai in miƙe in ɗora shayi, sannan in tuna, in zauna in yi kuka.

Gida zan dawo, kun sani, motar kuma a hannun Auta za ta zauna. Shi ya sa na ce ba zan hau jirgi ba sai an kai motar Malam gindin dutsen nan, an ja giyar, an dawo da ita lafiya.

Hanyar Suwes

Mun yi sallar asuba a wani gidan mai, muka karya da wake da gurasa. Hantsi bai gama ɗagawa ba muka shiga ramin da aka haƙa a ƙarƙashin mashigin ruwa. Auta ya ce jiragen ruwa suna wucewa a saman kanmu. Na ce ya yi shiru ya yi tuƙi, ba na son sani.

A shingen sojoji aka karɓi fasfo da takardar izinin mota, don irin wannan motar ba ta shiga Sina haka kawai. Wani soja ya leƙo ya dube ni.

"Ya Hajja, a wannan sanyin? Ina za ki?"

Na ce masa da Larabcina na kasuwa, "Wurin Annabi Musa."

Ya ce, "Ai ba ya nan."

Na ce, "Na sani. Mijina ma ba ya nan, ga ni a motarsa."

Ya miƙo takardun ya ce yalla, wato mu wuce.

Muna wuce shingen na ce, "Auta, mun shigo ƙasar. Ja ta."

Ya ce, "Inna, kwalta ce busasshiya."

"Na ga kwalta. Ja ta."

Sai ya fara mini karatu, kun san shi da bayani tun yana yaro. Wai in an ja ta, tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke da juna, dole su juya tare. A kwana kuwa na gaba sun fi na baya cin hanya. In ƙasa na da santsi, ko yashi ko ƙanƙara, taya za ta ɗan zame, ƙarfe ya huta. A busasshiyar kwalta babu inda za ta zame, sai ƙarfe ya ci ƙarfe.

Na ce, "Ubanka ya shekara goma sha ɗaya yana cewa ba yanzu ba. Ashe ka gada."

Hawaye suka zubo mini, ba da gangan ba. Yaron nan ya dube ni, ya dubi hanya, ya rage gudu, ya ja. Na ji ta ce ƙwal. Na ce Alhamdu lillahi, Rukayya ta ce amin, ko da yake ba wurin amin ba ne.

Ras Sudr

Hanya miƙe take sambal, Bahar Maliya a hannun dama. Ba mu ji komai ba sai wani gurnani a ƙarƙashin ƙafata, ni kuma na ɗauka ƙarfi ne. Har ina cewa Auta, "Ka ji ko? Yanzu ta zama mota."

Da azahar muka iso Ras Sudr, Auta ya karya kwana zai shiga gaban wani gidan abinci. Sitiyari ya ƙage. Motar ta fara tsalle kamar jakin da ya ƙi kaya, tayoyi na kuka, sai muka ji gau a ƙasa. Kular miya ta kife a cinyar Rukayya. Auta ya kama giyar zai mayar, ta ƙi motsi.

Misirawa suna zaune a inuwa da kofunan shayi, kowa ya juyo da kujerarsa. Wani tsoho mai tumbi ya ɗaga murya, "Ya Hajja, ma'alish, sai haƙuri, ƙanƙarar tana gaba, ba ta iso nan ba tukuna."

A raina na ce shi ke nan, abin da mutum ya shekara yana lallaɓawa, na zo da rigimata na karya shi a rabin yini.

Auta ya miƙe tayoyi, ya sa ribas, ya riƙa ja da baya a hankali yana danna giyar, har ta saki ta koma mazauninta. Ya fita ya kwanta a ƙasa da farar jallabiyarsa ya leƙa. Ya ce mai bai zuba ba, amma ba zai rantse ba cewa ba abin da ya ji ciwo a ciki.

Na ce, "Daga yau ba mai sake taɓa ta. Malam ya san abin da ya sa ya bar ta."

"Inna, ba haka ba ne..."

"Na gama magana."

Muka ci kifi da shinkafa. Kifin ya yi daɗi, shayin kuma sukari ne aka ɗiga wa ruwa. Rukayya tana ta dariya a cikin hijabi tana cewa tari ne. Yanzu ma da take rubutawa tarin ya dawo.

Wadi Firan

Bayan Abu Rudes muka bar teku muka nufi duwatsu. A wani shingen aka tsare mu har motoci suka taru, sannan aka sake mu tare. Wadi Firan kwari ne mai itatuwan dabino, duwatsu jajaye sun tsaya ta ko'ina, ba ciyawa ko ta magani. Hanya na hawa, sanyi na ƙaruwa. Na sa safa biyu da rigar sanyin Malam. Har yau da ƙanshin turarensa a wuyanta, na tura hancina a ciki.

Bayan la'asar muka fara ganin fari a gefen hanya. Na ɗauka gishiri ne. Sojan shingen ƙarshe ya ce dusar ƙanƙara ce, tun safe take zuba, mu bi a hankali.

Can gaba kwalta ta ɓace gaba ɗaya, sai fari. Hanya ta miƙe sama. Bayan motar ya fara kaɗawa hagu da dama kamar mai rawa a gidan biki. Auta ya ɗan taka, tayoyin baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, motar kuma ta fara tafiya a kaikaice, ta nufi wani rami mai duwatsu a gefena. Rukayya ta kama salati.

Na ga hannunsa ya nufi ƙaramar giya. Na riga shi, na dafe ta da hannu biyu.

"Kada ka taɓa. Karyewa za ta yi."

"Inna, ɗauke hannunki."

Yaya Habi, kin san Auta. Tun da na haife shi bai taɓa ce mini yi kaza ba. Na dube shi, shi kuwa hanya yake kallo.

Ya ce, "Ɗazu na bi maganarki na cuci motar. Yanzu ki yafe mini. Don wannan wurin Baba ya saye ta."

Ya ɗage hannuna kamar yadda ake janye hannun yaro daga murhu, ya ja ta. Ta ce ƙwal. Ya taka totur kaɗan-kaɗan kamar mai tsoron tada barci. Sai na ji gaban motar ya kama ƙasa. Ta miƙe, ta bar bakin ramin, ta fara hawa tana gurnani, ba tsalle, ba kaɗa baya.

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Na ce, "Malam, ashe gaskiya ka faɗa." Da na share ido na ga muna tafiyar hawainiya, na ce, "To tunda ta kama, ka taka mana, magariba na zuwa."

Ya ce, "A tafiya take taimako, Inna, ba a tsayawa ba. Birkinmu ɗaya da na kowace mota. In na yi gudu a nan, tayoyi huɗun tare za su kai mu rami."

Bai rufe baki ba wata a-kori-kura ta wuce mu da gudu tana mana oda. Ba mu yi nisa ba, a wata kwana, muka same ta ta tura hanci a gefen hanya, mutanenta sun fito lafiya suna zagin juna. Auta ya tsaya ya tambaya ko suna son taimako, suka ce ɗan'uwansu na tafe da igiya. Muka wuce, ni dai ranar na riga na yi maganar da ta ishe ni.

Katrin

Mun shiga garin ana kiran magariba. Masaukin na wasu Larabawan dutse ne, ɗakuna na dutse, bargo a kan bargo. Uwargidan, Ummu Salim, ta kawo miyar adas, wani irin ƙananan wake, da gurasa mai zafi da shayi mai wani ganye. Ta tambayi Auta me ya kawo tsohuwa a wannan lokaci. Da ya gaya mata sai ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna. Nata mijin ma ya rasu. Muka yi kuka tare, ita da Larabci, ni da Hausa.

Da safe muka tuƙa har inda mota ke tsayawa, kusa da wata tsohuwar majami'ar Kirista mai katanga kamar ganuwa. Masu raƙuma suka yanyame ni wai in hau. Na ce raƙumin da yake rawar sanyi ba zai ɗauke ni ba. Gwiwoyina ba na hawan dutse ba ne, a gindinsa na tsaya.

Dutsen ya yi fari daga sama, rana na dukansa. Na duƙa na ɗebi ƙanƙarar. Kamar garin tuwo take, sai dai tana cizon hannu, kafin ka gama kallonta ta zama ruwa. Na yi wa Malam addu'a, Auta da Rukayya suna amin. Sannan na ce, "Malam, ga mu mun zo, ga motarka. Kai kaɗai ka makara." Auta ya juya baya yana gyara hula, na san kuka yake.

Komawa

Saukowa ta fi hawa ban tsoro. Auta ya sa babbar giya a ta biyu, ya bar injin na riƙe motar, birki kuwa taɓa shi yake kamar mai taɓa ƙurji. Inda inuwar dutse ta rufe hanya, kwalta tana ƙyalli baƙi wuluk. Na ce ai ta bushe, ya ce ƙanƙara ce ta daskare, ta fi farar sharri. Muka lallaɓa.

Da muka sauko inda rana ta busar da hanya har iya ganin ido, sai ya tsaya a gefe.

Ya ce, "Inna, nan ne iyakarta. Ke za ki mayar da ita."

Na ce, "In ta ƙi fa?"

"Sai in yi ribas kamar jiya. Ba Misirawa a nan da za su yi mana dariya."

Na kama ta. Sanyi ƙalau, santsi kamar ba a taɓa riƙe ta ba. Na tura da ƙarfina, ta ce ƙwal, ta koma. Motar ta yi sakayau, muka kama hanya. A Ras Sudr na ce kada ya kuskura ya tsaya.

Mun iso Madinat Nasr bayan isha'i. Washegari makanike ya duba motar ya ce tamam, lafiya lau take, sai dai tayoyin gaba sun ɗan ci. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Ummu Salim, da Rukayya da ta sha miya a cinya, da Auta da ya saɓa mini sau ɗaya a inda ya kamata. Ku ci gaba da sa Malam a addu'a.

Ranar Juma'a na leƙa ta taga na ga Auta ya buɗe motar, tsumman ubansa a hannu, zai goge ƙaramar giya. Na ce ya bar ta haka. Shatin hannuna da nasa ne a kai, kuma ta yi aikin da aka sayo ta dominsa.